Tsohuwa Ta Gaida Gwanki

"Ba zan yi miki dole ba, amma muddin ina numfashi ba zan ɗauki 'yata in ba wanda ban san tushensa ba."

Maganar da Malam Rabe ya faɗa wa Bushra ke nan tun farkon damina. Ita ce kuma take ta yi mata yawo a kai yau da take zaune a cikin bas, ta jingina goshi da gilashi, ana keta dajin Yankari.

Wanda ba a san tushen nasa ba shi ne yake tuƙa motar. Quadri sunansa, mutanen Funtuwa suna ce masa Kadiri. A Funtuwa aka haife shi, a can ya yi karatun allo har ya sauke, Hausar bakinsa ta fi ta wasu 'yan gari daɗi. Laifinsa guda, uwarsa Iya Morenike mai sayar da robobi a kasuwa Bayarabiya ce, daga Ogbomosho ta zo. Ya daɗe yana sintiri a kan hanyar Dayi, garin su Bushra, saboda ita, amma ko tabarma Malam Rabe bai taɓa sa a shimfiɗa masa ba.

Wanda aka san tushensa kuwa yana gaba, ya cika kujera da babbar riga, ya toshe ido da baƙin gilashi, Malam Rabe na zaune a bayansa. Alhaji Zubair ke nan, dillalin masara da waken suya. Shi ya shirya wannan tafiya don ya nuna wa gidan su Bushra irin duniyar da za ta shiga in ta amince da shi. Motocin haya sun cika tashar Funtuwa, amma da gangan ya aika aka kira Quadri.

"Gara ya tuƙa mu, ya san matsayinsa," haka ya faɗa a gaban 'yan tasha.

Da Bushra ta ji, sai ta kira Quadri a waya tana kuka, ta ce don Allah kada ya yarda a wulaƙanta shi. Dariya ya yi ya ce, "Kwana biyu ina kallonki ta madubi, kuma babu mai kora ta? Ai ni aka yi wa gata."

Ita ma ta kafa nata sharaɗin. Ta ce ƙafarta ƙafar kakarta Tsohuwa, uwar mahaifinta, in ba haka ba ba ta zuwa. Shi ya sa Tsohuwa take zaune kusa da ita yanzu, da ƙullin goro a bakin zane, tana leƙen daji kamar mai neman wani abu da ya ɓace mata.

A bayansu Hajiya Mansura ce, yayar Alhaji Zubair, wadda tun daga Dayi take toshe hanci da gefen mayafi. Ƙurar hanya ba ta yi mata ba, ruwan da aka ba ta bai yi mata ba, ita kanta Bushra ba ta yi mata ba.

"Ke wai ba kya magana ne?" ta tambaye ta tun a hanya. "Ko haka 'yan ƙauyenku suke, sai kallo kamar akuya ta shiga masallaci?"

Bushra ta juya wajen taga. Ita dama ba mai yawan magana ba ce. Amma a cikinta ta gama auna matar nan tsaf, zinare a wuya, zinare a hannu, baki kuwa kamar kwatami.

Ma'aikacin gandun da aka haɗa su da shi, wani dogo mai suna Jibo, ya ce a riƙa magana a hankali don kada a kori namun dajin. Alhaji Zubair ya juyo ya dube shi sama da ƙasa.

"Wane namun daji? Tun ɗazu ban da ciyawa me muka gani? Ni da na je Kenya, zaki har jikin motarmu ya zo yana shinshina taya. Malam, ka ga zaki kuwa? Kansa kaɗai ya kai buhun masara."

"Ikon Allah!" in ji Malam Rabe, yana gyaɗa kai har hularsa na neman faɗuwa. "Ai Alhaji kun ga duniya."

Bushra ta kau da kai. Sau nawa ke nan ana ba da labarin zakin nan tun jiya, kuma kullum sai kansa ya ƙara girma. A Kano ya kai ƙwarya, a Ningi ya kai tukunya.

Suka iso wani wuri da gwaggon biri suka tare hanya, manya da ƙanana, wata da ɗa maƙale a ciki. Quadri ya rage gudu.

"Direba!" Alhaji Zubair ya daki kafaɗarsa. "Ga danginka can sun fito tarbarka. Ba za ka sauka ku gaisa ba?"

Hajiya Mansura ta ƙyalƙyale da dariya har da tafi. Malam Rabe ma ya taya, dariyar da ba ta kai ciki ba, irin ta mai son a ga ya yi. Wannan ta fi yi wa Bushra ciwo. Mahaifinta, na'ibin limamin unguwa, mai yi wa mutane wa'azi a kan girman ɗan Adam, yau shi ne yake washe baki don mai masara ya kira musulmi biri.

Ta ɗaga ido ta dubi madubi. Idon Quadri yana can yana jiranta. Ya ɗan girgiza mata kai, alamar ta bari.

Suka ci gaba. Suka ga kashin giwa tuli a kan hanya yana tururi, amma giwar ta shige kurmi, sai ƙarar karyewar rassa suke ji. Suka ga garken ɓauna daga nesa, baƙaƙe ƙirin, sun tsaya suna kallonsu. Hajiya Mansura ta ce ai waɗannan shanu ne kawai marasa wanka, in don su ne da an tsaya a kasuwar Musawa.

Rana ta fara ɗagawa lokacin da suka fito wani fili mai gajeriyar ciyawa. Jibo ya ɗaga hannu.

"Tsaya, tsaya. Kun yi sa'a. Ga gwanki can."

Yana tsaye shi kaɗai a ƙarƙashin wata bishiya, ya kai girman doki, jikinsa ja-ja, fuskarsa da zanen baƙi da fari, ƙahonsa sun lanƙwasa baya. Bai gudu ba. Ya miƙe dogayen kunnuwansa yana duban motar.

Bushra ta ji hannun Tsohuwa ya damƙe cinyarta. Da ta juya sai ta ga kakarta ta kafe gwankin da ido, goron bakinta ya faɗo a kan zane.

"Tsohuwa, lafiya?"

Tsohuwa ta saki cinyarta. Ta miƙe tana dafa kujera, ta tura gilashin tagar da ƙarfin da Bushra ba ta san tana da shi ba. Ta cire takalmanta. Ta rusuna iya yadda gwiwarta ta yarda, ta dunƙule hannun dama ta ɗaga, sai ga murya ta fito, siririya, tana karkarwa.

"Gwanki sha bara! Na gaishe ka, mai nuna ruwa. Na gaishe ka, kan gidanmu. Ɗiyar Nomau ce, ba ka gane ni ba? Na tsufa. Mun bar Unguwar Nomau, gidan ya zama gona, amma ba mu ci namanka ba, ba mu taka fatarka ba. Na gaishe ka, na gaishe ka."

Hawaye suna bin tsagar fuskarta suna ɗiga a kan mayafi.

Quadri ya miƙa hannu a hankali ya kashe inji.

Hajiya Mansura ce ta fara samun baki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Kan gida? Me nake ji haka? Malam Rabe, ashe ku Maguzawa ne?"

"Inna, zauna!" Malam Rabe ya daka tsawa. "Zauna mana! Hajiya, tsufa ne, ruɗewa ce, ba ta san abin da take faɗa ba."

"Ruɗewa? Ruɗewa ce ta koya mata sunan ubanta da na ƙauyensu? Ba kai ka zauna a falon ƙanena ka ce ku zuriyar malamai ne daga birnin Katsina ba? Ashe malaman giya ne da tsafi!"

Alhaji Zubair ya cire gilashinsa. Fuskarsa ta yi kamar an watsa mata toka.

"Direba, ja mota."

Quadri bai motsa ba.

"Ba ka ji ba ne? Na ce ja mota!"

"Alhaji, a yi haƙuri," in ji Quadri, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari. "Babba tana gaisuwa. In ta gama sai mu tafi."

"Kai, ni kake faɗa wa haka? A motar da na ɗauka?"

"Motar ka ɗauka, Alhaji. Ladabina kuma da shi na zo daga gida."

Tsohuwa ba ta ma san ana yi ba. Tana nan a rusune har gwankin ya kaɗa kunne, ya juya, ya shige cikin itatuwa ba tare da gaggawa ba. Sannan ta zauna, ta share fuska, ta laluba takalmanta da ƙafa.

"To," ta ce. "Mu tafi, ɗan nan. Allah shi yi maka albarka."

Suka kama hanyar masauki. Ko labarin zakin Kenya bai ƙara tasowa ba.

Bayan azahar Alhaji Zubair ya sa aka kira Malam Rabe ƙarƙashin wata bishiya a gaban ɗakunan baƙi. Bushra tana bayan taga, komai a kunnenta.

"Malam, ni mutum ne mai rufin asiri," in ji Alhaji Zubair, yana kaɗa makullin ɗaki a yatsa. "Wani ne da tuni ya fasa. Yaya Hajiya ma cewa ta yi in fasa. Amma na riga na sa rai da yarinyar, kuma taimako ne, a tsamo ta daga cikin abin da ta taso."

"Haka ne, Alhaji. Allah ya saka."

"Sai dai da sharaɗi. Tsohuwar nan ba za ta zo wurin biki ba. Ba za ta taka gidana ba, ko da suna ko da rasuwa. 'Ya'yan da za a haifa kuma ba za a kai mata su ba, kada ta koya musu gaida dabbobi."

Bushra ta kasa kunne tana jiran ta ji mahaifinta ya tashi tsaye. Uwarsa ce fa, wadda ta yi surfe da daka ta kai shi makarantar allo.

"Ai wannan ba wani abu ba ne, Alhaji," in ji Malam Rabe. "Dama ƙafarta ciwo take, ba ta son fita. Mun gode, mun gode da rufin asiri."

Hajiya Mansura ta taɓe baki. "Kuma a bincika yarinyar da kyau kafin a kawo ta, kada a shigo mana da laya a ƙugu."

Bushra ta zame ta zauna a ƙasa, ta cusa mayafi a baki don kada a ji kukanta.

Da ta samu ƙarfin tashi sai ta fita neman kakarta. Ta same ta a gangaren ruwan Wikki, can gefe inda babu masu wanka, ta tsoma ƙafafunta a cikin ruwan ɗumin tana jan carbi.

Bushra ta faɗa jikinta. "Tsohuwa, me ya sa ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Ubanki ya hana. Ya ce in na ƙara ambaton Unguwar Nomau a gidan, ya daina cin tuwona."

"To mene ne kan gidan? Da gaske tsafi ne?"

Tsohuwa ta yi murmushi mai ciwo. "Ina goyon fari muka yi kalmar shahada, ni da kakanki. Tun ran nan goshina bai taɓa ƙasa don wani ba sai Allah. Amma ki ji. Kakan ubana mahara suka koro shi, ya yi ta gudu a daji har ƙishirwa ta kayar da shi. Gwanki ya zo ya tsaya a kansa. Ya tashi ya bi shi da rarrafe, har bakin ruwa. A nan ya kafa gida. Ya ce duk wanda ya fito daga tsatsonsa kada ya ci gwanki, in ya gan shi ya gaishe shi. Shi ke nan fa, ɗiyar nan. Rabona da ganinsa tun ban yi aure ba, dajin namu duk ya zama gonar auduga. Yau na gan shi ido da ido, sai in kau da kai don ina cikin motar mai kuɗi?"

"Sun ce ba za ki zo bikina ba." Kuka ya ci ƙarfin Bushra. "Sun ce ba za ki ga 'ya'yana ba. Kuma Baba ya ce ya gode."

Tsohuwa ta daina jan carbi.

"Ya ce ya gode?"

"Har sau biyu."

"To." Ta shafa kan Bushra. "In kina son mutumin ki aure shi. Ni kwana nawa ya rage min? Kada ki ɓata rayuwarki don tsohuwar da ta kunyata ku."

"Wallahi ba ki kunyata ni ba! Su ne suka kunyata ni. Kuma ni ba na son sa, ban taɓa son sa ba, ko muryarsa na ji sai in ji kamar an zuba min tsakuwa a tuwo."

Sai suka ji sallama a bayansu. Quadri ne, da kwanon shinkafa a rufe da ruwan leda. Ya durƙusa har ƙasa ya ajiye a gaban Tsohuwa.

"Kaka, na ga an ci abinci ba a kira ki ba. Ki riƙe da kyau, birai na nan suna zagaye."

Ya miƙe zai tafi, Bushra ta tsayar da shi. Ba ta iya kallon fuskarsa ba.

"Kadiri, yau ka ji ko mu su wane ne. Baba ya ce ba ka da tushe, ga namu ya fito a gaban kowa. In kai ma ka fasa, ba zan ga laifinka ba."

"In fasa me?"

"Kada ka yi min wasa, zuciyata ba za ta ɗauka ba."

"Ba wasa nake ba, Bushra. A gidan kakana a Ogbomosho har gobe akwai abin da ba a ci, kuma gidan liman ne. Kowa ya haƙa ƙarƙashin ɗakin kakansa sai ya tarar da tsohuwar tukunya. Shi Alhajin da ya haƙa nasa, me yake zaton zai samu, carbi?"

Tsohuwa ta tuntsire da dariya har da tari, hawaye bai bushe a fuskarta ba.

"Ni abin da na gani yau," Quadri ya ci gaba, muryarsa ta yi ƙasa, "gidan da aka yi musu alheri tun zamanin mahara, har yanzu ba su manta ba. In na samu mata daga wannan gidan, me kuma zan nema?"

Bushra ta rufe fuska da tafin hannu. Kuka take, amma ba irin na ɗazu ba.

Washegari da hantsi aka fito da kaya. Sai ga wata doguwar mota mai sanyi a tsaye kusa da bas ɗin Quadri. Alhaji Zubair ya sa an kawo ta daga Bauchi, don Hajiya Mansura ta rantse ba za ta sake haɗa numfashi da mai gaida dabba ba.

"Malam, kai da Bushra ku shigo nan," in ji Alhaji Zubair. "Tsohuwar ta bi Bayaraben. Sun dace, sa yi ta gaida birai har gida."

Malam Rabe ya tattara rigarsa da butarsa, ya nufi motar mai sanyi bai ko dubi uwarsa ba. Tsohuwa ta ja ƙafa ita kaɗai zuwa bas. Quadri ya sauko ya riƙe mata hannu ta hau.

"Bushra, taho mana," in ji Malam Rabe.

Tana tsaye a tsakanin motocin biyu da jakarta. Tun da take ba ta taɓa musa wa mahaifinta ba, ko ido ba ta taɓa haɗawa da shi ba.

"Ke, kurma ce?" Hajiya Mansura ta leƙo ta taga. "Ana yi miki sutura kina yanga? Shigo kafin ƙanena ya dawo hankalinsa."

Bushra ta juya ta dube ta, tun daga sarƙar wuya har zoben hannu, kallon da ya sa Hajiya ta gyara zama.

"Hajiya, ki riƙe suturarki. Gidan da kakata ba za ta shiga ba, ko gawata ba za ta shiga ba."

Ta juya wurin mahaifinta, ta durƙusa, hawaye na zuba.

"Baba, ka gafarce ni. Kadiri nake so, shi zan aura in ka yarda. In ba ka yarda ba zan zauna a ɗakin Tsohuwa har ka yarda. Amma mutumin da ya ce ka yar da uwarka ka ce ka gode, ba zan zauna da shi ba."

Ta tashi ta hau bas.

Malam Rabe ya yi kamar zai faɗi. Ya nuna ta da buta.

"Bushra! In kika bi motar nan, kada ki sauka a ƙofar gidana!"

Tsohuwa ta turo kai ta taga.

"Wane gidan, Rabe? Wanda ubanka Bamaguje ya kwaɓa ƙasarsa da ƙafarsa? Can za mu sauka, ni da jikata. In kai ne kake ƙyamarsa, Alhaji ya ba ka ɗaki a Funtuwa."

Alhaji Zubair ya miƙa hannu ta gaban direbansa ya danna oda da ƙarfi, har birai suka watse daga kan rufin ɗakuna.

"Malam, za ka shigo ko mu tafi?"

Quadri bai tayar da inji ba. Ya zagayo ya buɗe ƙofar gaba, ya kakkaɓe kujerar da hularsa, ya koma gefe ya rusuna.

"Baba, akwai wuri."

Malam Rabe ya dubi motar mai sanyi, ya dubi ƙofar da aka buɗe masa. Alhaji Zubair ya sake danna oda. Butar ta suɓuce daga hannun Malam Rabe, ruwan ya malale a kan takalmansa, shi kuwa yana tsaye ya kasa ɗaga ƙafa.